Murhun Illo da Tukunya Mai Rawa

Kullum da hantsi Illo yakan aza butar shayi a gefen garwashin maƙera, ya riƙa zuga da hannu ɗaya, ɗayan yana laluben sukari. Habu mai jakuna na zaune kan buhu yana jiran kofin farko, kamar yadda ya saba tun suna da baƙin gashi.

Shekara arba'in Illo yana ƙira a Dogo-Dogo. Ba ya ƙera wa manomi hauya sai ya sa shi ya duƙa a gabansa, ya ga tsawon bayansa da yadda yake riƙe ƙota. Yakan ce ƙarfe kurma ne, mai shi ake tambaya. Amma da itace ya yi wuya, mata suka fara wuni a daji don ɗauri ɗaya, kuma wani ma'aikacin furoje, masu aikin raya karkara, daga Magariya ya nuna masa hoton murhun ƙarfe a waya, Illo bai tambayi kowa ba. Ya ce a ransa, wanda ya shekara sittin yana cin tuwo ai ya san tuwo.

Ya yanka tsohon tano, gangar ƙarfen nan ta zuba mai, ya naɗe, ya goge bakinsa sumul har mutum ya ga fuskarsa. Ya yi sha biyu, ya jera su jikin bango kamar 'yan rakiyar amarya. Na farko ya ba Ƙande, taubashiyarsa mai sayar da tuwo, don ta fita da shi ranar kasuwa. Abin da Ƙande ta dafa a kai, matan gari za su so. Abin da ta kushe kuwa, sunan maƙerinsa ya shiga waƙar daka.

Yau kuwa, shayi bai nuna ba Ƙande ta shigo da murhun a ka, tana ɗingishi. Ta dire shi gabansa.

"Ga ɗanka, bawana. Ba shi da tarbiyya."

"Wa ke bawan wa? Wutar ce ba ta ci?"

"Ta ci. Da itace uku ruwa ya tafasa."

Illo ya dubi Habu, ya gyara hula.

"Kar ka gyara," in ji Ƙande. "Ka taɓa tuƙa tuwo?"

"Allah ya kiyaye."

"Shi ya sa. A kan duwatsu uku tukunya zama take, in tokare da ƙafa, in tuƙa da ƙarfina. A kan naka kuwa, muciya ta yi dama, tukunya ta bi ta. Ta yi hagu, ta bi ta. Jiya rawa muka yi ni da ita, har ta gaji ta zauna mini a ƙafa."

Ta ɗaga bakin zane. Bayan ƙafar ya tashi, an shafa masa man gyaɗa. Dariyar da Illo ya tanada ta koma ciki. Sumul ɗin nan da ya kwana uku yana gogewa, shi ne ya ƙone ta.

"Wa ka tambaya kafin ka yi?"

"Na tambayi kaina," ya ce. "Kuma kin ga, jaki ya tambayi jaki hanya."

"Kar ka zagi jakuna," in ji Habu.

"Matarka Shatu na bayan katangar nan shekara talatin tana tuƙi," Ƙande ta ce. "Jibi kasuwa. Ba zan aza tukunyata kansa ba sai ka zauna a madafa ka riƙe muciya da hannunka, mu gaya maka inda za ka sa masa haƙora."

Habu ya ƙyalƙyale. "Maƙeri a madafa! Gobe sai mu saya maka kallabi."

Illo ya dubi sha ɗayan da ke jikin bango, suna ƙyalli, kyawawa, ba ɗaya da zai iya riƙe tukunya. Ta bayan katanga yana jin Shatu na tankaɗe gari.

"Sayo mai kyau," ya ce. "Kan da bai yi aiki ba gara a rufe shi."

Ya soke alli a bayan kunne, ya rungumi murhun a ƙirji, ya sunkuya ya fita ta ƙofar cikin gida, Ƙande na biye tana gaya masa ya fara wanke hannu.