Ragon da ya ci zanen coci

A gidan hayarmu da ke unguwar Treichville muna da maƙwabciya Kirista mai soya kifi, kowa Tanti yake ce mata. Faɗanta ya yi suna a unguwa, ko direbobin tasi ba sa ja da ita. Sai ga shi da girmanta ta shiga karatun baftisma a cocinsu, ta ɗauki abin da gaske.

Gab da Babbar Sallah maigidana ya ɗaure ragon layya kusa da igiyar shanya. Ranar Asabar Tanti ta wanke zanen ankon mawaƙan coci ta shanya. Kafin mu ankara rago ya cinye gefe guda, yana tauna yana kallonmu.

Ta fito ta dubi zane, ta dubi rago. Sai ta shige ɗaki. Muna jin ta tana addu'a da Faransanci kamar mai rigima da wani. Can ta fito, idanu jawur.

"Hajiya, na yafe!" ta daka min tsawa. "Fasto ya ce mai bin Yesu ba ya riƙe mutum a zuciya. Na yafe miki, na yafe wa Alhaji." Ta nuna ragon da baki. "Wannan kuma sai na ƙara karatu."

Na zagaye kasuwar Adjamé ina neman irin zanen, ashe cocin ce ta sa aka buga shi. Na sayo mata wani mai kyau, ta ƙi karɓa.

"In na karɓa, ina yafiyar take?"

Ranar Lahadi haka ta ɗaura abinta, ta juya yagaggen gefen baya, ta rufe da jaka. Da ta dawo ta ce fasto ya ce har maƙiyi ana ciyar da shi. Daga nan kullum da safe sai ta kawo wa ragon ɓawon ayaba, tana ba shi tana harararsa. Sannu a hankali har sosa masa kai take yi in ta zaci ba mai ganinta.

Ranar Sallah da aka kwantar da shi, Tanti ce ta fashe da kuka, ni ce mai rarrashi. Da na kai mata nama ta share hawaye, ta leƙa kwanon.

"Hajiya, ba cinya?"

Na koma na yanko mata.