Harsashin da Na Aza a Plumstead

Shekarun baya, farkon shekarun casa'in, lokacin ina da gashi a ka kuma tumbina bai fara riga ni shiga ɗaki ba, ina zaune a wani ɗan flat na haya a unguwar Plumstead ta Landan, wanda in ka yi miƙa sai ka mari bango biyu. A masallacin Regent's Park na haɗu da abokina, wani dattijo ɗan zangon Kumasi, tsohon makanike. Yana da 'yar rumfa a bayan gidansa da injin fiƙe ƙarfe. Abin sha'awarsa ƙera harsashin tagulla na tsofaffin bindigogi, irin waɗanda masu yin su ma sun manta da su. 'Yan kulob ɗinsu na harbi ke kawo masa aiki, kowa da lasinsa. Ranar da na ga tagulla tana zubowa siri-siri kamar taliya, shi ke nan, na kamu.

A lokacin kaset muke aikawa gida. Na gyara murya na ce, "Hajiya, a taya ni da addu'a, duk Asabar ina wajen aikin harsashi, kuma yana kyau."

Na manta harsashi biyu ne a Hausa. Mahaifiyata ta ɗauka na gini nake nufi. Kafin wata ya mutu har kajin unguwarmu a Kano sun ji ɗanta ya aza gida a Landan. Ƙanwata ta rubuto tana tambayar hawa nawa ne. Na ce zan gyara zancen a kaset na gaba. Ban gyara ba, daɗin sunan mai gida a Landan ya hana ni.

Sai ga Hajiya ta zo aikin ido. Ana cire mata bandeji ta ce, "Abin da zan fara gani da sabon idon nan harsashinka ne, in sa masa albarka."

Jama'a, gumin da na yi ranar ya isa wanke mota. Matar nan tana yafe komai, ban da a sa ta faɗar abin da ba shi ba a gaban mutane.

Asabar na kai ta. Abokina ya tarbe mu da Hausarsa ta zango: "Hajiya ya zo! Sannu Maama. Yaronka ya iya aiki ƙwarai!"

Ta dubi rumfa, ta dubi igiyar shanya. "Ina filin?"

Na miƙa mata farantin da muke tara aikinmu. "Ga... ga harsashin, Hajiya."

Ta leƙa farantin. Sannan ta ɗauki ɗaya, ta ɗaga shi ga haske, ta bi gindinsa da farce.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne."

"Na sani. Ba ka goge gindin ba, kaifi gare shi. Na dattijon nan ya fi."

Abokina ya ƙyalƙyale da dariya. Ita kuwa ta kai tagullar hanci ta shinshina. Na san kakana maƙerin fari ne, mai aikin tagulla da azurfa, amma sai ranar na ji ita ke goge masa mundaye tana yarinya, kuma rabonta da ƙamshin nan tun rasuwarsa. Hawaye ya zubo mata, ta ce maganin likita ne.

Na yi ƙarfin hali na ce, "Hajiya, mutanen unguwa fa?"

"Me na ce musu? Harsashi kake yi. Ƙarya na yi? Wanda ya hango bene, shi ma ya zo a duba masa ido." Sai ta cafko kunnena, a gaban baƙo, ina da gemu. "Amma kai da ka ji ka yi shiru, wannan naka ne."

Ban taɓa jin daɗin jan kunne irin na ranar ba.

Kafin ta koma na fiƙe mata tandun kwalli, na goge gindinsa har ina ganin haƙorana a ciki. Tun daga nan, in aka yi mini fahimtar da ta fi ni girma, nan take nake gyarawa, ko da tana da daɗi. Da na sayi gida daga baya na buga mata waya ina fankama, abin da ta ce kawai shi ne, "To, wannan karon wane iri ne?"