Shafi na Takwas a Gidan Toktosun

Shekara talatin da ɗaya Toktosun yana raba wasiƙu a garinmu At-Bashi, kuma a iya sanina ko ɗaya ba ta taɓa kwana a jakarsa ba. Ni ce shaida, don ni nake zaune bayan kanta a gidan wayar, ina buga hatimi ina miƙa masa. In dusar ƙanƙara ta rufe hanya sai ya jingine keke ya hau doki, in dokin ya ƙi ya taka da ƙafa. Gajere ne, mai kauri, ga taurin kai. Yana da wata ɗabi'a da take ba ni haushi: in ya shiga unguwa, gidan wanda ya fi kowa tsufa yake fara zuwa ko da yana ƙarshen layi, sannan ya dawo baya. Na sha gaya masa yana kashe takalminsa a banza. Amsarsa kullum ita ce ana sayar da takalmi a kasuwa, amma ba a sayar da girma.

Shi da matarsa Umsunai sai da suka shekara goma sha ɗaya kafin Allah ya ba su haihuwa, kuma daga ɗansu Mederbek, wanda muke kira Meder, ba su ƙara ba. Ranar da aka yi wa yaron bikin fara tafiya ina wurin. Aka ɗaure masa ƙafafu da igiyar ulu baƙi da fari kamar yadda ake yi wa kowane yaro, yaran unguwa suka yi tsere, wanda ya zo na ɗaya ya yanke ta. Mutane kan jefar da igiyar ko su manta inda ta faɗi. Toktosun ya tsince ta ya sa a aljihun rigar aikinsa, ta zauna a nan har ya yi ritaya.

Meder ya girma ya tafi Mosko aikin gini, kamar rabin samarin garinmu. Shekarar da Umsunai ta rasu takardunsa sun lalace, in ya fito ba za a bar shi ya koma ba sai bayan shekaru, ga matarsa da tsohon ciki. Bai zo ba. A maƙabarta, da aka zo inda ɗa ne zai fara zuba ƙasa, maza suka yi ta waige-waige. Toktosun ya ce su daina nema, shi ba shi da ɗa. Kafin a gama shan shayin zaman makoki maganar ta isa Mosko, don ba a rasa mai kai irin wannan saƙon.

Shekara huɗu ba wanda ya kira wani. Toktosun ya rame, ya daina zuwa biki. Na ce masa ya ɗauki waya ya kira yaron, ya ce babba ba ya fara durƙusawa. Na ce to ya mutu da girmansa. Bai yi fushi ba, ya saba da bakina.

Bayan ya yi ritaya, ɗakin karatu na gari ya buɗe ajin koya wa tsofaffi kwamfuta. Sauran sun koyi aika hoto ga jikoki suka watse, shi kuwa ya zauna wata shida. Wata rana da hantsi ya shigo gidan waya da jakar hotuna, ya ce mini gida zai gina a intanet, kuma yana son in riƙa buga masa rubutu don idonsa ya yi rauni. Na tambaye shi gidan me. Ya ce na ubanni bakwai.

A wurinmu wanda bai iya jero ubanninsa bakwai ba ba a ɗauke shi cikakken mutum ba, don haka ban yi mamaki ba. Abin da na lura da shi shi ne ya sa kansa na bakwai, alhali mutum ba ya ƙirga kansa cikin ubanninsa. Lissafin na Meder ne. Na gane.

Kowane uba da shafinsa, daga Baizak, na farko, mai raƙuma, har zuwa ƙasa. A ƙarshen kowane shafi akwai maɓalli ɗaya da aka rubuta "Ɗansa". In ka danna, sai ka faɗa shafin na gaba. Ba wata hanya ban da wannan. A shafin farko ya sa na rubuta wa baƙi yadda za su ji daɗin ziyarar: kada ka yi gaggawa, fara da babba, karanta har ƙasa kafin ka wuce, in hoto ya yi jinkirin buɗewa ka zuba shayi ka jira shi.

Na ce masa kowane shafi na duniya yana da jerin sunaye a sama, mutum ya danna wanda yake so ya tafi kai tsaye.

"Burul, ke in kin shiga gidan mutane ɗakin yara kike fara faɗawa?"

"Baike," na ce, don haka muke kiran namijin da ya girme mu, "mutane a waya suke dubawa, a tsaye, cikin motar haya. Ba mai zuba shayi."

"To su zauna."

Dangi sun yi ta ƙorafi. Wani ɗan ƙanensa a babban birninmu Bishkek ya ce ya kai kaka na huɗu kuɗin intanet ɗinsa suka ƙare. Wata ta ce ta ɓace a wurin mai raƙuma, ta rasa hanyar fita. Toktosun ya ji daɗin wannan ƙwarai, ya ce gara ta daɗe a wurinsa, dama ba ta san shi ba.

Shafi na bakwai nasa ne, kuma ya fi kowanne tsawo: hanyoyin da ya bi, dawakan da ya hau, hoton Umsunai tana matashiya da ɗankwali ja. Da muka iso ƙasa na sa hannu zan rubuta "Ɗansa" kamar sauran, sai ya riƙe mini hannu. Ya ce ya faɗi magana gaban maza ɗari a kan kabari, ba zai zo ya rubuta kishiyarta inda kowane ɗan gulma zai karanta ba. Ya laluba aljihu ya fito da igiyar nan, ta yi dauɗa, farin ya koma ruwan ƙasa. Ya ce a ɗauki hotonta a sa a wurin maɓallin, ba rubutu ko ɗaya. Wanda ya danna hoton zai shiga shafi na takwas.

Na ce wa zai san hoto ƙofa ce? Ya ce mai igiyar zai gane igiyarsa.

Rubutun shafi na takwas bai bar ni na buga ba. Ya kore ni na je na dafa shayi, ya zauna da yatsa ɗaya yana neman haruffa fiye da awa guda. Da na dawo ya riga ya rufe, idonsa ja. Ya sa na rantse ba zan buɗe ba, kuma ba zan gaya wa kowa akwai ƙofa a wurin ba, har Meder. In an nuna masa, in ji shi, ba shi ya samo ba ke nan. Ni kuwa shekara talatin ina riƙe wasiƙun mutane ban taɓa ɗaga bakin ambulan ba, rantsuwar ba ta yi mini nauyi ba. Da ma ta yi.

Ni na aika wa Meder adireshin shafin, ba ƙari ba ragi. Bayan kwana biyu amsa ta zo, kalma biyu: "Na gani."

Toktosun ya sa na karanta masa sau uku. Kwana goma yana zuwa yana zama a benci kusa da ƙofa, wai iska yake sha, wayarsa a tafin hannu. Daga nan ya ce mini yaron ya karanta, kuma ya ƙi, haƙƙinsa ne. Ni ma haka na ɗauka. Na zagi Meder a zuciyata zagi mai yawa, na ce wane irin ɗa ne ubansa zai sauko masa ya ba shi kalma biyu.

Ya ƙara shekara biyu a duniya. Bai sake taɓa shafin ba. Yakan zo gidan waya ya zauna ya kalli sabon mai raba wasiƙu yana loda babur, ya yi tsaki don ya ga yana bin layi daga farko zuwa ƙarshe ba ruwansa da wane ne babba. Da kaka, bayan an sauko da tumaki daga dutse, ciwon zuciya ya kwantar da shi kwana shida, ya cika ranar Laraba. Na yi kukansa fiye da yadda na zata, don ban san wanda zan riƙa yi wa faɗa ba kuma.

Wannan karon Meder ya zo, takardunsa sun daidaita. Shi ya fara zuba ƙasa. Bayan sadakar bakwai ya shigo gidan waya, ya yi furfura a gefen kai tun bai kai arba'in ba. Ya gaishe ni da ladabi, sannan ya ce alfarma yake nema, in rufe shafin nan. Ya ce abin da aka faɗa a maƙabarta maza ɗari ne suka ji, amma wannan duk duniya ke gani: kowane uba da "Ɗansa" a ƙarƙashinsa, ban da nasa.

Na tambaye shi ko ya danna igiyar.

"Wace igiya, Burul eje?" in ji shi, don eje muke kiran macen da ta girme mu.

Na juyo masa da kwamfutar, muka bi ta kan Baizak da raƙumansa, muka sauka ɗaya bayan ɗaya, don ko a ranar ba hanyar tsallakewa. Da muka iso ƙasan shafi na bakwai na nuna masa hoton. Ya ce ya san shi, ya zaci igiyar jakar wasiƙu ce. Na ce ta ƙafarsa ce, ta ranar da ya fara tafiya. Ya dube ni ya ce, a hankali, shekararsa ɗaya a lokacin.

Wannan ne abin da ni da Toktosun ba mu taɓa tunawa ba. Shi ya shekara talatin yana shafa igiyar a aljihu, har ya ɗauka kowa ya san ta. Yaron da aka ɗaure da ita kuwa bai taɓa ganinta da wayonsa ba.

Rantsuwata ta riga ta karye, don haka da ya danna ban kau da kai ba. Hoton yaro ne a tsaye da ƙyar, hannu biyu a sama. A ƙarƙashi an rubuta, da kurakurai irin na mai yatsa ɗaya: "Mederbek ɗan Toktosun, na takwas. Abin da na faɗa a kan kabarin uwarka baƙin ciki ne ya faɗa, ba ni ba. Ka yafe wa tsoho. An ce ka sami namiji, ka kawo shi a yanke masa igiya a gida ko da ya wuce shekarun. Makulli yana inda ka sani." A can ƙasa akwai maɓalli, an rubuta "Ɗansa", bai kai ko'ina ba tukuna.

Meder ya karanta, ya sake karantawa. Bai yi kuka da sauti ba. Ya dafa kantar da hannu biyu. Na fara ba shi haƙuri, ina cewa laifina ne, da na yi masa ko da ishara ce, da na karya rantsuwar tun tuni. Na ce ai ba laifinsa ba ne, mutum ya duba sau ɗaya a waya cikin gajiya, dole abu ya wuce shi.

Ya girgiza kai.

"Ba sau ɗaya ba ne, eje. Duk Juma'a nake shiga, shekara biyu. In bi su duka bakwai har ƙasa, in duba ko ya sa sunana."