Mang Kleto da Kofin da Bai Taɓa Sha Ba

A ƙauyenmu, can gefen Tayabas, babu namijin da ban san faɗin ƙugunsa ba. Kada ku yi mini wata fassara, tela ce ni. Tun ina da haƙorana duka nake zaune da kekena a baranda ina fuskantar gonakin kwakwa, duk wandon da ya matse ko ya yi yawa hannuna yake zuwa. Wandon Mang Kleto kuwa ya fi na kowa sanin hanyar gidana. Na buɗa shi har ɗinki ya ƙare, na sa masa ƙyalle a baya, na ƙara wani a gefe, har na gaji na ce wa matarsa, Aling Puring, ta sayo labule kawai mu riƙa naɗe shi.

Da ƙuruciya ba haka yake ba. Anacleto, wato Kleto, mai tarar bammi ne, irin waɗanda ke yini a saman kwakwa. Su ba sa sauka daga wata bishiya su hau wata. Sandunan gora ake gittawa can sama daga wannan zuwa waccan, ɗaya ta takawa, ɗaya ta riƙewa, mutum ya bi ba takalmi, lauje a ƙugu, tulu a kafaɗa. Safe da yamma sai an yanki bakin furen kwakwar, in an yi fashi ya bushe ya daina zubo da bammi. Tare suka koyi aikin shi da Gaudencio, wato Mang Densyo, wanda daga baya ya riƙe 'yar Kleto ranar baftisma. Daga nan suka koma kiran juna Pare, kamar yadda mahaifi da uban baftisma ke kiran juna a nan.

Yarinyar nan, Luning, ita ce mafarin komai. Tana jaririya zazzaɓi ya kama ta har an fidda rai. Kleto ya ruga ɗakin sujada ya durƙusa ya yi bakance: in ta tashi, barasa ba za ta ƙara taɓa leɓensa ba har ya mutu. Ta tashi kuwa.

To amma namiji a nan ba ya ƙin zaman shan barasa na yamma. Wanda ba ya zama a da'irar, ranar da guguwa ta yaye masa rufi shi kaɗai zai ɗora. Kuma kofi ɗaya ne ke zagawa, mai zubawa ya cika ya miƙo maka, ba a mayar masa da shi cike. Ko ka sha, ko wani ya karɓa maka. Ranar farko da kofin ya iso gaban Kleto ya rasa yadda zai yi, sai Densyo ya miƙa hannu.

"Kawo nan, Pare. Ai 'yar tamu ce mu biyu. Kai ka ci mini rabona na nama."

Aka yi dariya, aka tafa. Abin da aka fara da wasa shi ya zama doka. Kowace yamma ta Allah, kofi biyu Densyo ke sha a duk zagaye, Kleto kuma ya share faranti biyu na soyayyar fatar alade da kayan ciki, ya bi da shinkafa in ya koma gida. Ɗaya yana bushewa, ɗaya yana buɗewa, har ranar da gora ta yi ƙara a ƙarƙashin Kleto ta tsage, ya sauko. Bai ƙara hawa ba. Ya koma bakin tukunyar da ake dafa bammi ya zama barasa, Densyo ya haɗa bishiyoyinsa da nasa. Wato dai shi ke shan kofin Kleto, shi ke taka gorar Kleto.

Mutumin kirki ne Kleto, wannan ban rage masa ba. Bai taɓa ɗaga wa Puring murya ba. In ana jana'iza shi ke girki, in ana biki shi ke girki, yara na hawa cikinsa kamar tudu. Aibinsa ɗaya, yana jin bakancen nan ya saya masa lafiya har abada. In ya ga mashayi na tangaɗi sai ya shafa tumbi ya yi murmushi.

Su biyun nan su ne nishaɗin ƙauye. Daga barandata ina jiyo su.

"Pare, matsa can mana, ka tare mana iska."

"Tausayinka nake ji, Pare. In na matsa, sai dai a tsinto ka a garin Lucena."

"Aƙalla ni mutum huɗu za su ɗauki akwatina. Kai sai an yi hayar ɓauna."

"Kai ai ba za a kunna kyandir kusa da gawarka ba, kar gari ya kama da wuta."

Mang Tibo, mai zuba musu, shi ke hura wutar. Kullum tambayarsa ɗaya: tsakanin kitse da kwalba, wanne ya fi saurin kai mutum rami? Da'ira ta rabu biyu. Masu sha su ce ina aka taɓa ganin tsoho mai ƙiba, kitse ke shaƙe zuciya mutum ya faɗi yana tsaye. Masu tumbi su ce ku je ku ƙirga matan da suka sa baƙi a layin nan. Ni bayan Kleto nake, ba na ɓoyewa, don kwalba ce ta binne mini miji. Amma dariyar tasu ba ta taɓa yi mini daɗi ba.

Sai wata shekara Puring ta zo da wandon, fuskarta kamar an yi mata albishir.

"Aling Mereng, yau ragewa za ki yi."

"Ragewa? Wandon wa?"

"Na Kleto mana. Zamewa yake yi. Kuma wallahi cinsa bai ragu ba, sai ma ƙaruwa. Ruwa kuwa kamar a rijiya yake zubawa."

Na cire ƙyallen gefe. Ba a jima ba ta dawo na cire na baya. A tsakanin nan sai ga Aling Sayong, matar Densyo, da nasa wandon, wanda tun aurensu ban taɓa shi ba sai dai faci. Wai ya matse shi. Ita ma murna take, ta ce a ƙarshe dai girkinta ya fara kama shi.

Gari ya ɗauka. Tibo ya ce musayar jiki suke yi, nan gaba sai a musanya musu mata. Ni na auna Densyo da hannuna, kuma abin da na taɓa bai yi kama da tumbin mai ci ba. Ciki ne a ɗaure tam kamar ganga, jijiyoyi sun fito a kai, hannuwa kuwa kamar sandar tsintsiya. Da ya ɗago ya yi mini godiya na ga farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Na ci gaba da ɗinkina.

Wata yarinya nas, mai zuwa awon yara a ɗakin sujada, ita ta faɗa a fili. Tibo ne ya ja su biyun gabanta don a sha dariya.

"'Yata, ke kin yi karatu, raba mana gardama. Ga kitse, ga kwalba. Wa zai ci?"

Ba ta yi dariya ba. Ta danna ƙaurin Densyo da yatsa, ta ɗauke, ramin ya tsaya bai ciko ba.

"Baba, wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Hantarka ce ta gaji. Kuma kai ne ke hawa can sama?"

Ta juya kan Kleto ta tambaye shi ƙishirwa, ta tambaye shi yawan fitsari, ta ce ramar da mutum bai nema ba ba abin murna ba ce, ya je a duba jininsa, tana tsoron ciwon suga. Sannan ta dubi Tibo.

"Kun mai da abin faɗan zakaru, kowa ya kama nasa. Ai ba faɗa suke da juna ba, Baba. Kitsen da kwalbar, hanta ɗaya suke ci, zuciya ɗaya suke gajiyarwa."

Tibo ya ce yaran zamani ba su san wasa ba. Kleto kuwa rabin maganar kawai ya ji, rabin da ya shafi Densyo. Nasa rabin a nan ya bar shi.

Daga ranar ya canza. Ya bar bakin tukunya, ya koma bin gindin bishiyoyi yana ɗaga kai. Densyo na can sama da cikin nan a gaba, sai ya karkace yake iya wucewa, hannunsa na rawa a kan gorar riƙewa har ana gani daga ƙasa. Samarin da za su karɓe shi duk sun tafi Manila ko sun shiga jirgin ruwa. Bishiyoyin nan kuwa su ke ciyar da gida biyu.

Wata rana da hantsi Kleto ya zo ya zauna a matakalar barandata.

"Aling Mereng, rabin abin da ke cikin cikin nan nasa, nawa ne."

"Kai ka ɗura masa?"

"Ni na zauna ina taunar nama, yana sha mini. In ya faɗo daga can, ni na turo shi."

Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni. Na ce masa ya je a duba jinin tukuna. Ya ce shi garau yake, bai taɓa jin jikinsa sakayau haka ba.

Da yammar nan, da kofi ya iso gabansa, sai ya riƙe ya nufi baki da shi. Densyo ya cafke masa wuyan hannu, barasa ta zube musu a gwiwa.

"Me kake yi, Pare?"

"Kofina zan sha. Ya isa haka."

"Da ran Luning ka yi bakancen nan. Tana can ƙasar mutane ita kaɗai. Ka sha, gobe a bugo waya, da wane ido za ka dube ni? Sake shi."

Kleto ya sake. Densyo ya shanye abin da ya rage, ya miƙa wa Tibo kofin, ya karɓi nasa. Ba wanda ya yi dariya.

Tunda kofi ya gagara, saura gora. Kleto ya sa a ransa cewa Allah ne ya zare masa nauyin nan don ya sauko da amininsa. Ya wasa tsohon laujensa. Puring ta yi kuka, Densyo ya zage shi tas, bai saurari kowa ba. Ranar da ya hau, gari duka ya fito. Ya taka gorar a hankali, fatar hannunsa na reto, ya kai bishiya ta biyu, ya kai ta uku. Da ya sauko da tulu cike, maza suka ɗaga shi sama, abin da a da ko da wasa ba za su gwada ba. Densyo ya koma gida ya kwanta, ya ɗora ƙafafu kan matashi. Kwanakin nan ban taɓa ganin Kleto cikin farin ciki irinsu ba.

Ana cikin damina ya zo da kansa in ƙara rage masa wando. Na durƙusa zan auna tsayi, sai wani wari ya buge ni, ga ƙudaje na bin diddigensa na hagu.

"Ɗaga ƙafar nan."

Ya ɗaga. Tsinken gora ne, ya kai tsayin babbar allurata, ya shige tafin ƙafar, wurin ya kumbura ya yi baƙi.

"Kleto, tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

Na zare shi da hantsaki ina kallon fuskarsa. Ko ƙiftawa bai yi ba. Mutumin da ke tafiya a kan gora, can inda in ka faɗo ba a ɗaukar ka da rai, ashe ƙafafunsa sun daɗe da daina jin abin da suke takawa.

Aka wanke da ganyen gwaba, aka ɗaure, ya ci gaba da hawa, don in ya tsaya ya san wanda zai tashi. Baƙin ya ci yatsu, ya hauro idon sawu. Sai da zazzaɓi ya kayar da shi aka kai shi asibiti a Lucena. Suga ne, kamar yadda nas ɗin nan ta faɗa. Suka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Bayan ya dawo, Puring ta rako shi barandata da sanda a hammata, ta ajiye wandon a kan kekena ta ce in naɗe ƙafar hagu in ɗinke. Ta tafi kasuwa ta bar shi zaune yana jira. Ban ko zare tsohon zare ba sai ga Sayong da ƙunshi a hannu. Ta gaida shi, ta kwance. Farar rigar auren Densyo ce, mai aikin allura a ƙirji.

"Ki buɗa mini ita, Aling Mereng."

"Sayong, babu ɗinkin da zai kai cikin nan. Biki za shi?"

"To ki tsaga ta ta baya. In ya kwanta a akwati, ba za a ga bayan ba."

Na dube ta, ta dube ni. Idonta a bushe yake, ta riga ta gama kukanta a gida.

Kleto ya ce, "Ina Pare?"

Ta turo baki wajen gonakin kwakwa. Ashe ya koma kan gora.

Ya daɗe yana kallon can. Sannan ya jawo wandonsa daga kan keken ya ɗora a cinya.

"Fara yin nata, Aling Mereng. Nawa ba na sauri ba ne."

Na nemo farin zare na sa a keke.