Shu'aibu Wanzam, Wanda Ba Ya Askin Suna Sai da Karne

Haihuwa da Tasowa

An haifi Shu'aibu ɗan Magaji a shekarar 1961 a Garin Yelwa, wani ƙauye kusa da Cadawa a cikin ƙasar Agiye. Mahaifinsa shi ne Sarkin Askan garin, sunan mahaifiyarsa Batulu. Ya yi karatun allo, ya kuma yi shekara uku a lakol, wato makarantar boko, har ranar da mushe, malamin ajinsu, ya mare shi bisa laifin da bai aikata ba, ya kwashe littattafansa ya fice, bai sake komawa ba. Taurin kan nan dai da shi aka haife shi.

Sana'a da Iyali

Ya karɓi zabira, wato jakar wanzanci, daga hannun mahaifinsa a 1983, ya ƙware a aski da ƙaho da tsagar da ake yi wa yara a ƙirji idan sanyi ya kama haƙarƙarinsu. A 1984 ya auri Lubabatu, Allah ya albarkace su da 'ya'ya shida. Bayan rasuwar mahaifinsa a 1999 aka naɗa shi Sarkin Aska.

Rasuwar Ummuhani

A lokacin ɗarin 2013 tari da zazzaɓi suka kama autarsa Ummuhani, tana da shekara biyu. Lubabatu ta roƙe shi a kai ta likita, wato asibiti, ya ƙi, ya yi mata tsaga da hannunsa kamar yadda ya yi wa ɗaruruwan 'ya'yan mutane. A kwana na huɗu ta cika. Tun daga ranar bai sake ɗora aska a ƙirjin yaro ba, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa ɓoye cewa kuskuren nasa ne ba.

Sharaɗin Karne

Da aka fara yi wa jarirai allurar rigakafin ciwon haƙarƙari, Shu'aibu ya je likita ya ji bayani da kunnensa, sannan ya kafa sharaɗin da ba a taɓa ji ba a gidan wanzamai: ba zai yi askin suna ba sai an nuna masa karne, wato katin rigakafin jaririn, uban kuma ya yi alkawari gaban malamai cewa zai kai shi sauran alluran kafin sanyi ya shigo. Ranar sunan jikan maigari, a 2016, an yanka rago, jama'a sun cika ƙofar gida, ya nemi karne aka ce babu. Ya naɗe zabirarsa ya ce: "Ranka ya daɗe, ni na binne tawa. Wallahi ba zan aske kan da za a binne da ɗari ba."

Kafin mako ya zagayo aka tuɓe shi, aka ba ƙanen mahaifinsa Jibrilla sarautar. Aka yi ta cewa likita ta saye shi. Ƙarya ce tsagwaronta! Mutumin da ya koma askin kasuwa a gindin itacen bedi, wa ya saye shi? Sau biyu ana aiko masa cewa ya janye sharaɗin a mayar masa da rawani, sau biyu yana mayar da ɗan aike. Mata ne suka riƙe shi, domin su ke kwana da yaro mai tari, suka dinga aika masa a yi suna da karne a kan tabarma.

Rasuwa

Ya rasu ranar Laraba, 8 ga Maris 2023, yana da shekara sittin da biyu, ba tare da sarautar ta dawo masa ba. An yi jana'izarsa bayan azahar. Ya bar matarsa Lubabatu da 'ya'ya biyar: Tahiru, wanda ya gaji zabirar da sharaɗinta, da Faruku, da Rukayya, da Safina, da Abdulmumini. Ta shida ita ce Ummuhani, kuma kusa da kabarinta ya yi wasiyya a kwantar da shi.