Kaburburan da Suka Ƙi Kallon Gabas

Ina budurwa ruwan Tiga ya ci garinmu. Muka kwashe abin da ya ɗauku, muka bar wanda bai ɗauku ba, har da kabarin mahaifiyata.

Autana gyaran waya yake yi a Tudun Wada. Akwai wani wasan noma na kwamfuta da shi da abokansa suke yi wa ƙari, su sa masa abin da masu shi ba su sa ba. Ni shirme na ɗauke shi, kuma na faɗa masa. Magidanci mai 'ya'ya uku yana noman da ba a ci!

Ran nan bayan la'asar ya ajiye kwamfutar a kan tabarmata.

"Inna, garinku zan gina a ciki. Ke za ki riƙa faɗa mini."

"Garin da ruwa ya haɗiye za ka tono da ɗan yatsa?"

Ya yi dariya, ya fara. Ban san lokacin da na matso ba. Na ce rijiya ba nan take ba, a bayan tsamiya take. Ya zana rumbu, na ce, "Auta, wannan rumbu ne ko tulu?" Sau huɗu ya sake shi. Duk Juma'a haka muke, har na ga ƙofar gidanmu da turken akuyarmu, na tashi na shige ɗaki don kada ya ga fuskata.

Sai muka zo maƙabarta. Ya jera kaburbura kudu da arewa yadda ake yi, ya nuna mini na mahaifiyata a gindin kanya. Mako ya zagayo, ya buɗe, na ga duk sun karkace.

"Wa ya juya su?"

"Injin wasan ne, Inna. Da an rufe an buɗe sai ya mayar da su yadda ya saba. Mu saman kawai muke iya taɓawa. Cikinsa a kulle yake, masu shi kaɗai ke gani. Da za su buɗe wa kowa, kafin magariba na gyara."

Wannan na gane. Injin ban ruwanmu in ya ƙi, bakanike a Bebeji ke kwance shi, don wanda ya ƙera bai liƙe shi ba.

Auta da abokansa suka aika wa waɗanda suka ƙera wasan roƙo, su da wasu na ƙasashe masu nisa, kowa da abin da yake son gyarawa. Damina ta wuce shiru. Ashe sun ma daina sayar da wasan, amma ba su saki makullin ba.

Da na sake tayar da maganar kaburburan, sai ya ce, "Hoto ne fa, Inna. Ba kowa a ciki."

"Na sani. Waccan ta ƙarƙashin ruwa ban san yadda ya yi da ita ba. Wannan da idona ke gani ba za ta kwanta babu alƙibla ba. Cire."

Ya cire su ɗaya bayan ɗaya. Ciyawa ta rufe wurin.

Yanzu jikokina ke wasan. Ta gindin kanyar suke kora shanu, don ta fi kusa da rijiya. Sau biyu na ce su kewaya.

"Ai ba komai a nan, Kaka."

Ban ƙara hana su ba.