Hannuna a Sama a Fim ɗin Kalankuwa

Fim ɗin kalankuwar da aka yi a bayan Babura, shekarar da gero ya yi kyau, kowa yabonsa yake yi. Ni kuwa duk wanda ya yabe shi a gabana sai raina ya ɓaci, don ina cikinsa, kuma abin da ya nuna a kaina ba haka aka yi ba.

Bikin kaka ne, bayan an gama girbi. Waccan shekarar har daga Nijar aka kawo makaɗa, ga janareta, ga manyan lasifikoki. Wasu samari kuma suka zo daga Kano da kyamara, suka ɗare saman wata akori-kura suna ɗauka.

Na je da 'yata ta fari don uwarta na jego, lokacin yarinyar ba ta ko shiga makaranta ba. A gidanmu ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, kunya ce. Haka mahaifina ya yi mini. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Shi ya sa ban saɓa ta a kafaɗa ba kamar yadda wasu suka yi da nasu. Ina gaba tana baya, ta riƙe gefen rigata.

Bayan la'asar wani garken shanu ya biyo ta gefen filin, daidai lokacin da mai lasifika ya ƙure ƙara. Shanu suka firgita suka yo cikin mutane. Ni ko shanun ban gani ba, sai dai na ji an tunkuɗo ni daga baya, ƙafata ta bar ƙasa. Da na samu na tsaya, na shafa gefen rigata, babu kowa.

Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Duk inda na duba ƙasa, ƙafafun manya ne da takalman da aka zubar. Makaɗan ba su ko tsagaita ba, don daga kan dandamali gani suke kiɗa ne ya motsa jama'a. Na yi ta cewa "ke, ke", babu wanda ya waiwayo. Sai na ɗaga hannuwana sama, na buɗe baki iya ƙarfina na kira sunanta. Na yi ta kira har muryata ta dushe, ina ganin idan na sauke ido gawarta zan tarar.

A gindin wata darbejiya na same ta. Wata Bafulatana mai fura ce ta fizgo ta, ta durƙusa a kanta, furarta duk ta zube. Ta dube ni ta ce, "Malam, taka ce? Ko kuka ba ta yi ba, uwarta kawai take tambaya." Yarinyar ba ta ji kirana ba, kiɗa ya danne. Na yi godiya, muka tafi gida, tana riƙe da rigata, ni kuma na danne hannunta da nawa ta yadda ba mai gani.

Bayan 'yan watanni faifan ya fito, na kalle shi a wani gidan kallo a Kazaure. Gaskiya sun ɗauki makaɗan da kyau, har gumin fuskarsu ana gani. Amma babu ko saniya ɗaya a ciki, don kyamarar dandamali take kallo. Da aka zo wurin turmutsitsin sai mai bayani ya ce a dubi yadda kiɗa ya ratsa jama'a. Sai ga ni an matso da ni, babu hula, hannuwa a sama, baki a buɗe, an ɗora kalangu a kai. Abokaina suka yi ta tsokanata, wai ashe malam ya iya rawa. Na tashi na fita.

Bara ta zo gida da ɗanta na fari, ƙaninta ya sa musu fim ɗin a waya. Ta matso kusa da ni tana dariya ta ce, "Baba, wace waƙa kake yi a nan?"

Na ce ban tuna ba.

Ta mayar da wurin baya ta sake kallo, ni kuma ina kallon leɓɓana suna kiranta. Har yau ba ta taɓa jin sunanta a bakina ba.